AGOGON SAMA DA AGOGON ƘASA: WANNE NE KE KAN GASKIYA?

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata magana da take yawo a majalisun samarinmu na Akokan da Arlit, musamman waɗanda suka yi nisa a karatun boko, cewa masana sun tabbatar lokaci ba ɗaya ba ne, domin agogon da ke cikin tauraron ɗan'adam ba ya tafiya daidai da wanda ke ɗaure a hannunmu. A kan wannan magana mutane suka rabu. Wasu suka ce tatsuniya ce ta Nasara, a toshe kunne. Wasu suka yi murna, suka ce ai dama duk yana cikin Alƙur'ani. Wasu kuma, waɗanda su ne suka fi damun mu, suka fara tambaya a ɓoye: in har lokaci yana miƙewa yana tanƙwarewa, to mene ne ma'anar a ce salla tana da lokaci ƙayyadadde? Mun ga ya dace mu zauna da wannan mas'ala a tsanake, mu fara da sanin abin da ya faru tukuna kafin mu yanke hukunci a kansa, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a hukunta abin da ba a fahimta ba.

Wayar salular da ke aljihun yawancinmu, idan ta nuna alƙibla ko ta buga kiran salla, ba duba take yi ba. Sai ta fara sanin inda take a bayan ƙasa, kuma tana samun wannan sani daga taurarin ɗan'adam na tsarin da ake kira GPS, mallakar Amurka, wanda aka harba tauraronsa na farko a 1978, aka kammala shi a 1995. Taurarin nan, waɗanda ba su gaza 24 ba, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowannensu yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Babban aikinsu shi ne faɗin lokaci. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo, yana ta shela ba dare ba rana cewa ga inda yake, ga kuma ƙarfe nawa a wurinsa. Saƙon yana tafiya da saurin haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Wayar sai ta lissafa jinkirin da saƙon ya yi a hanya, ta gane nisan da ke tsakaninta da tauraron; idan ta saurari huɗu daga cikinsu, sai ta fitar da wurin da take. Da wannan ne direbobinmu ke ratsa hamada zuwa Asamaka, da shi ne masu neman zinariya suka riƙa kai wa Jado da Tchibarakaten tun daga 2014. Wanda ya san Tenere ya san cewa a can, ɓatan hanya da ƙarewar ruwa tagwaye ne.

To, tunda wuri daga lokaci ake fitar da shi, kuskure kaɗan a agogo ɓarna ce babba a ƙasa. Idan aka raba daƙiƙa guda kashi miliyan, a cikin kashi ɗaya tak haske ya ci mita 300.

A nan ne maganar wani masani haifaffen Jamus, Albat Ainishtain, ta shigo. A 1905 ya nuna ta hanyar lissafi cewa agogon da ke cikin gudu yana jinkiri idan aka gwada shi da wanda ke zaune. A 1915 kuma ya ƙara da cewa agogon da ya yi nisa da ƙarfin jan ƙasa yana sauri fiye da wanda ke kusa da ita. Tauraron GPS ya haɗa abubuwan nan biyu. Yana gudun kusan kilomita 14,000 a awa, wannan yana jinkirta agogonsa da kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. Yana kuma can sama inda jan ƙasa ya yi rauni, wannan yana gaggauta shi da kashi 45. In an cire 7 daga 45, saura 38. Abin kamar ba komai ba ne, amma a cikin wannan ɗan taƙin haske yana cin tafiyar kimanin kilomita 11, wadda ta zarce nisan da ke tsakanin Akokan da Arlit, kuma kowace safiya sai wani 38 ɗin ya hau kan na jiya.

Ba kowa ne ya gamsu da wannan lissafi tun farko ba, har a cikin masu ƙera taurarin. Shi ya sa a 1977, da aka harba tauraron gwaji mai suna NTS-2, sai aka bar agogonsa ya yi tafiyarsa ba tare da gyara ba har kimanin kwana 20, ana aunawa daga ƙasa. Aka tarar ya yi gaba daidai gwargwadon abin da lissafi ya faɗa, sa'an nan aka kunna na'urar gyara. Daga nan ya zama ƙa'ida: ana rage wa bugun agogon tauraro sauri da gangan. Maimakon bugu 10,230,000 a daƙiƙa, sai a rage masa abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bugu guda ba. Wanda ya gwada shi a ƙasa zai ce agogon nan yana latti. Sai ya hau sama ne zai dace da agogon mutanen da aka yi shi domin su.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tsaya ga sararin samaniya. A 2010 masana a Amurka sun auna wannan bambanci tsakanin agoguna biyu da ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da santimita 33 kawai. Ke nan iyayenmu da ƴan'uwanmu da suka riƙa sauka ramin Akuta na kamfanin COMINAK, mai zurfin kusan mita 250, tun daga 1978 har aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, agogonsu a can ƙasa ya fi na matansu da ke gida jinkiri. Sai dai kada wani tsohon ma'aikaci ya yi saurin cewa an rage masa tsufa: wanda ya shekara 30 yana sauka yana hawa, duk abin da ya tara bai kai kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya ba.

Yanzu ga tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami. Agogon sama da na ƙasa, wanne ne ya yi ƙarya? Amsar masana ita ce babu. Kowannensu lafiyarsa lau, kowanne ya ƙirga abin da ya wuce a kansa a inda yake. Abin da ya faɗi shi ne zaton da ke zukatanmu cewa akwai wani babban agogo guda da aka rataya a saman halitta, wanda yake bugawa daidai ga kowa da komai. Wannan shi ne ra'ayin Niyuton na Ingila tun 1687, kuma ya yi sama da shekara 200 ana karantar da shi kamar ba za a taɓa taɓa shi ba.

Amma shin Musulmi ya taɓa ɗaukar wancan zato a matsayin aƙida? Malaman tauhidi na Ahlus-Sunna ba su ɗauki zamani wani abu mai tsayuwa da kansa ba. A wurinsu zamani gwaji ne: ana auna wani abu mai faruwa da ba a san gwargwadonsa ba da wani mai faruwa da aka sani. Idan ka ce wa mutum za ka zo da fitowar rana, ka ɗaure zuwanka da ba a sani ba ga fitowar rana da kowa ya sani. Imamu Gazali (Allah Ya jiƙansa), wanda ya rasu a 1111, a cikin raddin da ya yi wa masu falsafa, ya tsaya a kan cewa zamani abin halitta ne, an fare shi tare da duniya, babu wani zamani kafin ta. Abin da aka halitta kuwa ba a mamakin ya canza da canjin hali. Ruwa yana daskarewa yana tafasa, ƙarfe yana miƙewa a zafin bazara. Wanda ba Ya canzawa Shi ne Allah (S.W.T), wanda zamani ba ya gudana a kanSa. Saboda haka wanda ya ji labarin agogon tauraro ya ji imaninsa ya girgiza, ya binciki kansa, wataƙila ya jingina wa lokaci wata siffa ce da ba ta dace da kowa ba sai Mahaliccinsa.

Duk da haka ba mu tare da masu gaggawar cewa ayoyin da suka ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 a Suratul Hajji da Suratus Sajda, ko mai tsawon shekara 50,000 a Suratul Ma'arij, lissafin Ainishtain suke nufi. Haka nan masu kawo ƙissar As'habul Kahfi da barcinsu na shekara 309. Samarin nan ba gudu suka yi ba, ba kuma sama aka kai su ba. Suna kwance cikin kogo, rana tana fitowa tana faɗuwa a kansu kamar kowa. Abin da ya same su aya ce daga ikon Allah, ba ta bukatar wani injiniya ya sa mata hannu. Niyyar masu wannan magana kyakkyawa ce, amma hanyar tana da haɗari. Da wani malami a ƙarni na 19 ya ɗaure tafsirinsa ga ra'ayin Niyuton, da yau ina zai sa kansa? Ilmin gwaji yana gyara kansa kullum, wannan ne ma ƙarfinsa. Ba a ɗaure raƙumi a jikin turken da ake cirewa ana sake kafawa.

Masu cewa a toshe kunne kuwa, maganarmu da su gajeriya ce. Wayar da suke duba alƙibla da ita, da wancan lissafin take aiki.

Mu koma ga masu tambaya game da salla. Shari'a ba ta taɓa rataya salla ga ƙarfe kaza ba. Ta rataya ta ga alamomin da makiyayi a jejin Ayar zai iya gani da idonsa: ketowar alfijir na gaskiya, gushewar rana daga tsakiyar sama, inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, faɗuwar rana, ɓacewar jan shafaƙi. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ya san wannan, ya kuma san muhtari da laruri. Waɗannan alamomi kuwa na wuri ne. Tun asali Musulunci bai ce azahar ɗaya ce ga duniya duka ba. Kowane gari da zawalinsa. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya yi bayanin wannan a littafinsa Alfuruƙ, inda ya rarrabe tsakanin lokutan salla, waɗanda ya halatta a san shigarsu ta hanyar lissafi da na'urori, da tsayuwar watan azumi, wanda aka rataya shi ga gani. Dalilinsa shi ne, a salla shigar lokacin kanta ce sababi, ta kowace hanya aka tabbatar da ita ya wadatar. A kan wannan fahimta manyan masallatai suka riƙa ɗaukar ma'aikaci na musamman, mai kula da lokaci, irin su Ibnu Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, ya kuma ƙera wa hasumiyar masallacin agogon inuwa.

Ashe ke nan agogo bawa ne, alama ita ce uwargijiya. Ko da Musulmi ya hau sama, hukuncin bai ɓace ba. A watan Oktoba na 2007, cikin ƙarshen Ramadan, wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya kusan sau 16 a kwana guda. Malaman ƙasarsa ba su ce ya yi salla 80 ba. Sun ce ya bi lokutan wurin da ya tashi daga doron ƙasa. Yadda masu ƙera tauraro suka mayar da agogonsa ga ma'aunin mutanen ƙasa, haka malaman suka mayar da ibadar mutumin ga ma'aunin garin da ya baro.

Sai mu zo gida, inda matsalar take da gaske, domin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa bai taɓa ɓata wa kowa salla ba, amma mintoci suna ɓatawa. Agogon hukuma na Nijar awa ɗaya yake gaba da na Girinwic, wato an yanka shi ne a kan layi na 15 gabas, wanda ya ratsa can gabashin ƙasar. Mu kuwa muna wajen layi na 7 da ɗan ɗori, kuma kowane layi guda minti 4 ne. Saboda haka idan agogo ya buga 12 a Akokan, rana ba ta kai tsaka ba. A matsakaici sai wajen 12 da rabi. Wannan ma ba ya zama wuri ɗaya: a farkon Nuwamba zawali yana zuwa wajen 12 da kwata, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai kusan 1 saura kwata. Yamai tana yamma da mu, zawalinta yana bayan namu da kimanin minti 21. Bilma tana gabas, ranarta tana riga tamu faɗuwa da kusan minti 22. Kuma da yake mun fi Yamai nisa zuwa arewa, tazarar safiya da ta maraice ba ɗaya ba ce: a watan Yuni rana tana riga fitowa a nan da kusan rabin awa, amma a faɗuwa tazarar ba ta fi minti 11 ba, a Disamba sai abin ya juya.

Mai karatu ya duba abin da wannan ke nufi. Wanda ya rataya jadawalin da aka buga domin Yamai a ɗakinsa a Akokan, ya ci gaba da sahur har zuwa mintin da takardar ta nuna, ya ci abinci bayan alfijirinsa ya keto. A mazhabarmu ramuwa ta hau kansa, ko da bai yi da gangan ba. Takardar ba ta yi ƙarya ba, gaskiya ta faɗa game da Yamai. Laifinta ɗaya ne da na agogon da aka harba sama ba a daidaita shi da inda zai yi aiki ba.

Wayar salula ta magance wannan ta wani gefe, tunda ta san inda kake. Amma ta buɗe wata ƙofar da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Na'ura ba ta ganin alfijir. Abin da take yi shi ne ta lissafa lokacin da rana ke ƙarƙashin sararin gabas da wasu darajoji, kuma adadin darajojin mutane ne suka zaɓa. Tsarin Rabiɗa yana amfani da 18, na hukumar Masar 19 da rabi, akwai na Amurka ta Arewa mai 15, akwai kuma wani na Faransa mai 12. Tsakanin 18 da 12, a wurinmu, akwai minti 25 ko fiye. Ga mutum biyu a sahu ɗaya, wayoyinsu sun dace da juna har zuwa daƙiƙa, amma ɗaya ya kame baki tun ɗazu, ɗaya yana kurɓar shayi. Kowannensu kuma zai rantse cewa tauraro ne ya faɗa masa. Tauraro bai faɗi haka ba. Shi wuri da lokaci kawai ya bayar. Sauran ijtihadin mutane ne, wanda wani ya shigar cikin wayar a wata ƙasa, mai wayar bai ma san an zaɓa masa ba. Ƙwarewar na'ura wajen ƙidaya ba ta ɗauke wa malamai da ladanai nauyin duba sama.

A ganinmu wannan shi ne wurin da amana ta shigo. Allah (S.W.T) Ya saukar da sura guda a kan masu tauye mudu, kuma mun saba fassara ta da hatsi da sikari a kasuwa. To lokaci ma abin awo ne. Ladanin da ya kira asuba kafin lokaci don ya koma barci, ya tauye wa mata da tsofaffin da ke salla a gida da jin muryarsa, domin sallar da aka yi kafin shigar lokaci sai an sake ta. Ma'aikacin da ake biyansa awa 8 ya ba da 5, da mai gidan da ya sa leburansa awa 10 ya biya shi na 8, duk mudu ɗaya suke tauyewa. Mutanen da ba su yi imani da hisabi ba sun kashe dukiya da shekaru don kada agogonsu ya saɓa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, saboda sun san rayukan matafiya suna rataye da shi. Mu da muka yi imani za a tambaye mu game da rayuwarmu a me muka ƙarar da ita, sai a kira taro ƙarfe 4 a fara ƙarfe 6, har muna yi wa abin kirari da sunan lokacin Bahaushe.

Ita kanta daƙiƙar da muke magana a kai, yarjejeniya ce ta mutane. Da can kashi ɗaya ce cikin 86,400 na kwana guda. Da aka ƙera agogon ƙwayar zarra a Ingila a 1955, sai aka ƙara tabbatar da cewa juyawar duniya ba ta da cikakken daidaito, wani lokaci ta ɗan yi nawa, wani lokaci ta ɗan yi sauri. A 1967 aka sake ma'anar daƙiƙa, aka ce ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ke fita daga ƙwayar sinadarin siziyom. Daga 1972 aka riƙa cusa daƙiƙa guda lokaci-lokaci don agogo ya jira duniya. An yi haka sau 27, na ƙarshe a ƙarshen 2016, kuma a 2022 ƙasashe suka amince a daina nan da 2035. Ma'aunin hukuma yana ta nesa da rana a hankali, ibadarmu kuwa tana nan ɗaure da ita. Ba mu ga laifi ga ɗayansu ba, matuƙar an san wanne ake tambaya a kan me. Albashi da tashin mota a tambayi agogo. Shigar la'asar a tambayi inuwa, agogo ya zama mai tunatarwa.

Tun da aka rufe ramin Akuta, gidaje suka zama kango, abokai suka watse zuwa Agadas da Tawa da Maraɗi, muna yawan jin ana cewa zamani ya lalace, zamani ya ci amanarmu. Hadisi ingantacce ya hana zagin zamani, kuma bayanin da ya gabata yana taimaka mana mu ga hikimar hanin. Abin da shi kansa awo ne, ba shi da hannun da zai rufe kamfani ko ya buɗe. Mutane ne suka yanke shawara, a ƙarƙashin ƙaddarar Allah, kuma mutane ake tambaya.

Muna kira ga kwamitocin masallatan Akokan da Arlit da su zauna tare kafin Ramadan mai zuwa, su fitar da jadawali guda na garin nan, wanda aka lissafa a kan wurinmu, a rubuta a jikinsa darajar da aka bi wajen alfijir da isha'i. Sa'an nan a wakilta mutane adilai masu kaifin gani su fita bayan gari, nesa da fitilu, a ranakun da babu ƙura, su gwada abin da takarda ta ce da abin da ido ya gani, a watanni dabam-dabam. Zawali kuwa gwajinsa ya fi sauƙi, sanda miƙaƙƙiya da fili mai laushi sun isa. Da yake muna kudu da iyakar da rana ke kaiwa a arewa, sau biyu a shekara tana bi ta saman kanmu sosai, wajen tsakiyar Mayu da kuma ƙarshen Yuli. A waɗannan ranaku inuwar sanda tana shigewa ƙarƙashinta, a Mayu wajen ƙarfe 12 da minti 27, a Yuli wajen 12 da minti 37. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su fito da almajiransu su gani, kowa da agogonsa a hannu.